Manhaja Mai 'Yanci, Jagora Mai Tsada: Sharhi a Kan Ra'ayin Richard Stallman Game da Farashi da Samuwar Littattafan Jagora

Tsakure

Wannan maƙala sharhi ce a kan ra'ayin da Richard Stallman ya bayyana a rubutunsa mai suna Free Software and Free Manuals, inda ya yi da'awar cewa 'yancin manhaja bai cika ba matuƙar littafin da ke koyar da ita yana ɗaure da sharuɗɗan maɗaba'a. An bi tarihin yadda aka riƙa sayar da manhajojin GNU da littattafansu tun daga 1985, sannan aka auna da'awar da wasu sanannun littattafan jagora da kuma lasisin GFDL wanda shi Stallman ɗin ya jagoranci tsara shi. Maƙalar ta gano cewa ya yi gaskiya da ya fifita 'yancin kwafa da fassarawa da sayarwa a kan arahar littafi, amma ra'ayin nasa ya yi rauni ta fuska biyu: bai warware matsalar ladan marubuci ba, kuma lasisin nasa ya ɗora wa mai fassara wani nauyi da ba a ɗora wa mai gyara manhaja ba. Daga ƙarshe an nuna abin da wannan yake nufi ga manazarcin da ke son samar da littattafan jagora da harshen Hausa.

Muhimman kalmomi: manhaja mai 'yanci, littafin jagora, lasisi, fassara, haƙƙin mallaka

1.0 Gabatarwa

Duk manazarcin da ya taɓa sauke Praat don auna karin sautin kalmomi, ko R don lissafin bayanan da ya tattaro, ko LaTeX don tsara kundin digirinsa, ya san cewa ba a nemi ko sisi daga hannunsa ba. Ya kuma san cewa bai fara aiki a wannan ranar ba. Akwai tazara tsakanin mallakar manhaja da iya sarrafa ta, kuma littafin jagora ne yake cike wannan tazarar. Shi kuwa littafin, sau da yawa ko dai yana da tsada, ko yana cikin harshen da mai buƙata bai ƙware a kansa ba, ko kuma doka ta hana a kwafe shi a ba wani.

Wanda ya fi yin suna wajen jan hankali ga wannan matsala shi ne Richard Stallman, Ba'amurken da ya sanar da shirin GNU a watan Satumba na 1983, ya kuma kafa Gidauniyar Manhajoji Masu 'Yanci, wadda aka fi sani da FSF, a jihar Massachusetts a 1985. Rubutunsa a kan littattafan jagora ya fito ne a shekarun 1990, daga baya aka sanya shi cikin tarin maƙalunsa mai suna Free Software, Free Society a 2002. Manufar wannan sharhi ita ce tantance inda hujjarsa ta tsaya da ƙafafunta da inda ta yi ɗingishi, musamman idan aka dube ta da idon mai karatun da Ingilishi ba harshen uwarsa ba ne.

2.0 Kyauta Daban, 'Yanci Daban

Kafin a shiga batun farashi, wajibi ne a gyara wani kuskuren fassara da ya zama ruwan dare. Kalmar Ingilishi da ake siffanta waɗannan manhajoji da ita tana ɗauke da ma'ana biyu, wato abin da ba a biya ba da kuma abin da ba a ɗaure ba. Faransanci ya raba su, yana cewa gratuit da libre. Larabci ma ya raba su, yana cewa majjani da hurr. Hausa ita ma ba ta da wannan ruɗani, domin kyauta daban, 'yanci daban. Saboda haka duk wanda ya ce "manhajar kyauta" yana nufin manhajojin GNU, to ya shigo wa Hausa da wata matsala da ba tata ba.

Abin da FSF take nufi 'yanci ne iri huɗu: mutum ya yi amfani da manhaja yadda ya ga dama, ya duba rubutun tushenta, wato umarnin da mai tsara ta ya rubuta kafin a juya shi zuwa harshen na'ura, ya kuma gyara shi, ya raba kwafi ga wasu, sannan ya raba kwafin da ya yi wa gyara. Babu maganar kuɗi a cikin huɗun nan. Lasisin GPL, wanda bugunsa na biyu ya fito a 1991, ya halatta wa kowa ya karɓi kuɗi a kan kwafin da ya miƙa wa wani. Iyakar da ya gindaya ita ce, wanda ya raba manhaja ba tare da rubutun tushenta ba, ya kuma zaɓi ya yi alkawarin kawo shi daga baya, dole alkawarin ya kasance a rubuce na aƙalla shekara uku, kuma kada ya karɓi fiye da abin da ya kashe wajen kwafa da aikawa. Ke nan an bar farashi a buɗe, an rufe ƙofar ɓoye tushe ne kawai.

3.0 Daga Tef Zuwa Intanet: Tarihin Farashi a Taƙaice

Tarihin GNU da kansa ya tabbatar da wannan bambanci. A farkon 1985, lokacin da manhajar rubutu ta GNU Emacs ta fara amfanuwa, Stallman ya ajiye ta a wata kwamfuta ta jami'ar MIT inda duk mai hanyar intanet zai iya ɗauka. Sai dai masu wannan hanya kaɗan ne a lokacin. Don haka ya sanar cewa zai aika wa duk mai so da kwafi a kan tef ta gidan waya a kan dala 150. Wanda ya saya yana da damar ya kwafa wa mutum ɗari ba tare da neman izini ba. Abin da ya biya ladan isarwa ne da tallafin aiki, ba kuɗin izini ba.

Da aka kafa FSF sai ta gaji wannan ciniki. Mujallarta ta GNU's Bulletin, wadda ta fara fita a 1986, takan zo da takardar oda mai jerin tef-tef da littattafan jagora da farashin kowanne, daga baya aka ƙara faya-fayan CD. Shekaru da dama mafi yawan kuɗin shigar gidauniyar daga irin wannan saye da sayarwa yake fitowa. Da intanet ta yaɗu a Amurka da Turai, sai wannan kasuwa ta ja baya, gidauniyar ta koma dogaro da gudummawa da kuɗin mambobi, tsarin da ta buɗe a 2002.

Amma matsalar isarwa ba ta kau a ko'ina lokaci guda ba. Kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya riƙa aika faya-fayan Ubuntu zuwa ƙasashe da dama ba tare da karɓar ko kuɗin gidan waya ba, daga 2004 har zuwa watan Afrilu na 2011 da ya rufe shirin. A Afirka ta Kudu kuma an kakkafa na'urorin da ake kira Freedom Toaster a wuraren taruwar jama'a, inda mutum zai zo da faifansa wanda ba a sa komai a kai ba ya kwafi manhajar da yake so. Duka shirye-shiryen biyu shaida ce cewa abin da aka ajiye a intanet ba lallai ne ya zama ya samu ba. Har yau cikakken kunshin TeX Live yana cin gigabait da dama, kuma ga wanda yake sayen data a wayarsa, wannan farashi ne na gaske ko da ba a rubuta shi a ko'ina ba.

4.0 Da'awar Stallman

Stallman ya buɗe hujjarsa da abin da ya same shi. Ya so ya koyi harshen tsara manhaja na Perl, ya sami littafin jagora mai 'yanci, amma ya same shi da wuyar fahimta. Da ya tambayi masu amfani da Perl sai suka nuna masa littattafan da suka fi kyau, waɗanda kamfanin O'Reilly ya buga bisa sharuɗɗan da suka hana kwafa da gyara. Daga nan ya gina da'awarsa: laifin waɗannan littattafai ba sayar da su da ake yi ba ne, domin FSF ma tana sayar da nata. Laifinsu shi ne, idan wani ya gyara manhajar, ba shi da ikon gyara littafin don ya dace da sabon halinta. Manhaja tana tafiya, littafinta yana tsaye, har ranar da zai koma yana koyar da abin da babu shi.

4.1 Inda Hujjar Ta Yi Ƙarfi

Idan aka jera wasu sanannun littattafai huɗu, ƙarfin wannan hujja yakan fito fili.

Na farko shi ne The TeXbook na Donald Knuth, wanda Addison-Wesley ta buga a 1984. Manhajar TeX kowa yana iya ɗauka ya yi aiki da ita. Rubutun tushen littafin ma yana nan a rumbun CTAN kowa yana iya dubawa, amma an ajiye shi ne don ya zama misali kawai. An haramta juya shi zuwa littafi ba tare da izini ba, har an sa masa wani tarko a farkonsa da ke tsayar da na'ura idan aka gwada. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

Na biyu shi ne R for Data Science na Hadley Wickham da Garrett Grolemund, wanda O'Reilly ta buga a 2017. Ana karanta shi a intanet ba tare da biya ba, amma lasisinsa na Creative Commons ya hana ciniki da shi, ya kuma hana sarrafa shi zuwa wani abu. Tunda fassara nau'in sarrafawa ce a dokar haƙƙin mallaka, mai son ya juya shi zuwa wani harshe ya raba wa jama'a sai ya nemi izini. Littafin kyauta ne, amma ba mai 'yanci ba ne.

Na uku shi ne Pro Git na Scott Chacon, wanda Apress ta fara bugawa a 2009. Lasisinsa ya yarda a fassara, kuma an fassara shi zuwa harsuna da yawa, amma ya hana ciniki. Wannan sharaɗi yana kama da kariya ga talaka, alhali sau da yawa shi yake cuta. Mai intanet a gida zai karanta a allon kwamfutarsa. Wanda ba shi da ita kuwa, littafi yana isa gare shi ne ta hannun mai shagon fotokwafi ko ɗan kasuwar littattafai, kuma waɗannan ba sa aiki sai da riba. Hana sayarwa yana nufin toshe hanyar da ta fi kusa da shi.

Na huɗu shi ne The Not So Short Introduction to LaTeX2e na Tobias Oetiker, wanda ke ƙarƙashin GPL. Shi kansa ya samo asali ne daga wani ɗan littafin Jamusanci na Hubert Partl da abokan aikinsa, aka fassara shi aka faɗaɗa. Daga baya aka juya shi zuwa Faransanci da Rashanci da Sinanci da Farisanci da harshen Mongoliya da wasunsu, ba tare da kowa ya jira amincewar wata maɗaba'a ba. A nan ne ake ganin amfanin abin da Stallman yake kira a kai, kuma a ganin wannan sharhi ya yi daidai ƙwarai: ma'aunin littafin jagora ba farashin kwafi ɗaya ba ne, a'a, abin da aka yardar wa mai riƙe da kwafin ya yi da shi ne.

4.2 Rauni na Farko: Wa Zai Biya Marubuci?

Sai dai labarin Perl yana ɗauke da wani darasi da Stallman bai tsaya a kansa yadda ya kamata ba. Shi da bakinsa ya amsa cewa littafin mai 'yanci ya fi wuyar karantawa. Me ya sa? Littafin Programming Perl na 1991, wanda masu amfani da shi suke yi wa laƙabi da "littafin raƙumi" saboda hoton bangonsa, Larry Wall, mai ƙirƙiro Perl ɗin, yana cikin marubutansa. Ya samu edita, ya samu mai tsara shafi, ya samu mai haɗa fihirisa, kuma duk an biya su daga kuɗin sayarwa. Mai tsara manhaja yakan rubuta ta ne don biyan buƙatar kansa, daga nan ya raba wa wasu. Marubucin jagora kuwa yana rubuta abin da shi ya riga ya sani ne don amfanin wanda bai sani ba, don haka babu wata buƙatar kansa da za ta tura shi. Wannan bambanci shi ne tushen ƙarancin littattafan jagora masu kyau, kuma lasisi kaɗai ba ya maganinsa.

Stallman ya ɗauki matsalar a matsayin ta rashin wayar da kai: marubuta sun miƙa aikinsu ga maɗaba'u ne saboda ba su fahimci illar hakan ba. Wannan bayani ya yi sauƙi fiye da kima. Gaskiya ne ya yi ƙoƙarin jawo maɗaba'u ta hanyar ba su damar ajiye wasu kalmomi a bangon littafi, kuma O'Reilly ma ta buga tarihin rayuwarsa da Sam Williams ya rubuta a 2002 ƙarƙashin lasisin GFDL. Amma inda littattafan jagora masu 'yanci suka ɗore, yawanci akwai wata cibiya a bayansu. Littattafan LibreOffice, alal misali, ƙungiyar masu sa kai ce take rubuta su a inuwar gidauniyar The Document Foundation, ana sauke su ba biya, ana kuma sayar da bugaggun kwafi. Haka kuma, buɗe shirin Season of Docs da Google ya yi a 2019 don haɗa ƙwararrun marubuta da ayyukan manhajoji masu 'yanci, amincewa ce a fili cewa wannan aiki ba ya yin kansa. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

4.3 Rauni na Biyu: Lasisin GFDL da Mai Fassara

Rauni na biyu ya fi nauyi, domin daga cikin gida ya fito. A shekarar 2000 FSF ta fitar da GFDL don littattafan jagora. Lasisin ya yarda marubuci ya ware wasu sassa waɗanda ba su shafi fasahar da ake koyarwa ba, ya ce ba a gyara su kuma ba a cire su. Dalilin Stallman shi ne ra'ayin mutum ba kamar umarnin na'ura ba ne, bai kamata wani ya canza shi ba. Da wannan dama aka ɗaura wa littafin jagoran Emacs takardar aƙidar GNU, ta yadda duk inda littafin ya je sai ta bi shi.

Masu haɗa tsarin Debian ba su amince ba. A watan Maris na 2006 suka kaɗa ƙuri'a suka yanke cewa rubutun da ke ƙarƙashin GFDL yana cika sharuɗɗansu na 'yanci ne kawai idan ba shi da irin waɗannan sassa. Sakamakon haka aka fitar da littattafan jagoran Emacs da GCC daga babban rumbun Debian aka kai su sashen abubuwan da ba su da 'yanci. Wanda ya zargi O'Reilly da raba manhaja da littafinta, sai ga shi lasisinsa ya haifar da irin wannan rabuwa. Laifi tudu ne, in ji Hausawa. Wikipedia ma, wadda ta fara da GFDL, ta koma ga lasisin Creative Commons a 2009.

Abin da ya fi shafar mu shi ne abin da GFDL ya tanada game da fassara. Ya halatta ta, amma ya ce ba a maye gurbin sassan da ba a taɓawa da fassararsu sai da izinin mai haƙƙin mallaka. Abin da aka yarda shi ne a sa fassarar a gefen asalin. Haka nan dole cikakken lasisin ya biyo littafin da Ingilishinsa. A ɗauka wani malami a Kumasi ko Garwa ko Anjamena ya so ya tsamo shafi goma daga irin wannan littafi ya fassara wa ɗalibansa da Hausa. Doka ta wajabta masa ya haɗa da shafukan Ingilishi da za su iya kai yawan abin da ya fassara, waɗanda ɗaliban ba za su karanta ba, kuma shi zai biya kuɗin buga su. Ga mai buga littafi mai shafi ɗari biyar wannan ƙari ba komai ba ne. Ga mai buga ɗan ƙaramin littafi kuwa haraji ne. Lasisin an ɗinka shi ne daidai jikin mai karatun Ingilishi da babban littafi.

5.0 Abin da Ya Shafi Manazarcin Hausa

Ta fuskar kayan aiki, manazarcin harshen Hausa a yau ba ya cikin rashi. Praat na Paul Boersma da David Weenink na jami'ar Amsterdam yana ƙarƙashin GPL. Ƙungiyar SIL ta samar da FieldWorks don haɗa ƙamus, da tsarin haruffa na Charis da Doulos masu ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ. Manhajar Keyman ta rubuta haruffa na musamman, wadda a da sayar da ita ake yi, SIL ta saye ta a 2015 ta kuma mayar da ita mai 'yanci. Amma bayanin yadda ake sarrafa Praat yana cikin manhajar da Ingilishi. Ɗalibin da ya yi karatunsa da Faransanci a Kamaru ko Cadi, ko da Larabci a Sudan ko Saudiyya, wanda Hausa ce harshen da ya haɗa shi da sauran manazarta, yana riƙe da kayan aiki ne ba tare da mai nuna masa hanya ba.

Daga abin da ya gabata, ana iya fitar da ma'auni mai sauƙi. Kafin a fara fassara kowane littafin jagora, a yi tambaya huɗu: an yarda a fassara shi? An yarda a tsamo wani yanki a bar saura? An yarda a buga a kan takarda? An yarda a sayar? Idan amsa ɗaya ta zama a'a, to aikin zai tsaya a hannun masu intanet da Ingilishi. Wanda kuma zai rubuta sabo da Hausa, ya fi kyau ya zaɓi lasisin da ke wajabta ambaton marubuci da barin ƙofa a buɗe ga na baya, ba tare da hana ciniki ba.

Sannan akwai batun lada. Tunda kasuwar irin waɗannan littattafai da Hausa ba za ta ciyar da marubuci nan kusa ba, ladan da ya rage shi ne na ilimi. Ya kamata sassan koyar da Hausa da mujallun nazari su ɗauki ingantaccen littafin jagora a matsayin aikin bincike, a tace shi kamar yadda ake tace maƙala, a kuma lissafa shi wajen ƙarin girma. Wanda ya zauna ya samar wa Hausa kalmomin da za a bayyana awon karin sauti a na'ura da su, ya yi aikin ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi da ya cancanci a san da shi.

6.0 Kammalawa

Wannan sharhi ya nuna cewa Stallman ya gano matsalar tun da wuri, ya kuma yi daidai da ya ce sayar da littafi ba laifi ba ne, ɗaure shi ne laifi. Tarihin tef ɗin dala 150 da na faya-fayan Ubuntu ya tabbatar da cewa isarwa tana da farashi, kuma 'yancin sayarwa shi ne yake kai kwafi inda intanet ba ta kai ba. Amma ya raina wahalar rubuta jagora mai kyau, kuma lasisinsa na GFDL ya tauye 'yancin da ya fi muhimmanci ga masu harsunan da ba Ingilishi ba. Ga manazartan Hausa, aikin da ke gabansu a bayyane yake: a zaɓi manhajoji kaɗan da aka fi buƙata, a rubuta wa kowace ɗan littafin jagora da Hausa, a sake shi bisa lasisin da zai bar kowa ya buga ya sayar, sannan a girmama wanda ya rubuta shi.